Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sight words" a ajin koyon karatu?

Malamin aji biyu, Katsina

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare a cikin birnin Katsina, kuma an ɗora mini rubuta ɗan jagora da Hausa domin malaman ƙananan azuzuwa. Baƙi da wasali da gaɓa ba su ba ni wahala ba, abin da ake kira foniks kuwa "haɗa baƙi" nake ce masa, iyaye ma sun fi gane hakan. Inda na cije shi ne "sight words". A wajen bita an ce mana su ne kalmomin da yaro zai karanta da zarar idonsa ya sauka a kansu, ba sai ya tsaya yana bin su gaɓa-gaɓa ba. Jerin da aka fi yawo da shi na wani malami ne ɗan Amurka, Edward Dolch, wanda ya fitar da kalmomi 220 a 1936, daga baya Edward Fry ya tattara nasa har 1,000. Na fara rubuta "kalmomin ganin ido", amma raina bai kwanta ba. Ina neman shawarar manya.

Malamar nazare, Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Gara da ranka bai kwanta ba, domin a wurin Bahaushe aikin ganin ido shi ne wanda aka yi don mutane su gani, ba don Allah ba, kuma wannan ma'anar ce za ta fara zuwa wa duk wanda ya buɗe jagoran. Ni a ganina a kira su "kalmomin hadda", tunda abin da muke yi ke nan a aji: a ɗaga kati, yara su faɗa, a maimaita har ta zauna. Kalmomi irin su "the" da "said" da "one" ba sa bin ƙa'idar haɗa baƙi, in ba a haddace su ba babu yadda yaro zai yi da su.

Malamin Hausa a kwalejin horar da malamai

Malama, ki yi haƙuri, a nan zan saɓa miki. Kafin a raɗa suna ya kamata a san jaririn, domin abubuwa uku ne aka cusa a cikin wannan kalma ta Ingilishi. Akwai kalmomin da suka fi yawan fitowa a rubutu, waɗanda su ne Dolch da Fry suka ƙirga. Akwai kalmomin da rubutunsu ya saɓa wa furucinsu, irin waɗanda kika kawo. Sai kuma ma'anar da masana karatu suka fi riƙewa yanzu, musamman bayan aikin wata masaniya mai suna Linnea Ehri, wato duk kalmar da mai karatu ya riga ya sani har yana gane ta nan take, ko mai bin ƙa'ida ce ko mai saɓawa. Abin da Ehri ta nuna shi ne kalma ba ta kai wannan matsayi ta hanyar haddace siffarta kamar hoto. Tana kaiwa ne idan yaro ya haɗa baƙaƙenta da sautukansu ya karanta ta sau da dama, har rubutun da furucin da ma'anar suka manne wuri guda a ƙwaƙwalwarsa.

To, in muka ce "hadda", mun koya wa sabon malami hanya tun daga sunan, kuma hanyar ba ta dace da harshenmu ba. Rubutun boko, tun daga ƙa'idojin da Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya fitar a 1912, an gina shi ne a kan baƙi ɗaya sauti ɗaya a mafi yawan lokaci. Yaron da ya san "k" da "a" da "z" zai karanta "kaza" ko bai taɓa ganinta a rubuce ba. Me zai sa a ɗora masa haddar "da" da "na" da "ya" da "ce" alhali cikin daƙiƙa guda zai haɗa su da kansa? Matsalar Hausa a wani wurin take: ba mu nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu, shi ya sa "gari" na zama ko na tuwo, "kuka" na miya ko na hawaye, "wuya" na jiki ko na wahala, duk fuskarsu ɗaya a takarda. Nan kati ba ya magani, sai jimla. Ga kuma yaron Katsina da ke cewa "mi" da "tahi" a gida, ya zo ya tarar da "me" da "tafi" a littafi. Wannan ma magana ce ta daban da za ta so nata zaman.

Tsohon hedimasta, Daura

Na karanta bayananku duka, Allah ya yi albarka. Ni ba masani ba ne, shekaru dai na yi ina riƙe da alli. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, kuma kowane alaramma ya san bambancin almajirin da ke karanta allonsa da wanda ke rera abin da kunnensa ya ɗauka yana bin layi da yatsa. In ka rufe farkon layin ka nuna masa tsakiya, nan take asiri ke tonuwa. Haka na sha gani a aji ɗaya: yaro ya faɗi kalma daidai saboda katin yana da lanƙwasa a gefe, a rubuta ta a allon bango ya yi shiru.

Bahaushe yana da suna ga irin wannan sani, shi ne sanin shanu. Yana kuma da suna ga ɗaya sanin, wanda in ka shiga taro a baƙon gari ka hango fuska, ba ka tsaya duba hanci da goshi ɗaya bayan ɗaya ba, ka dai gane mutumin domin kun taɓa zama: sai ka ce ka ga idon sani. Shawarata ita ce a kira su "kalmomin idon sani". Yaro na cikin shafi cike da baƙin kalmomi, sai ya ci karo da wadda ya sani, ya wuce ta da sauri, hankalinsa ya koma kan ma'anar labarin.

Malamar nazare, Katsina

Baba Malam, ranka ya daɗe, sunan ya yi daɗin faɗi, kuma na janye "hadda" ga Hausa. Sai dai ina da tsoro biyu. Idon sani a bakin wasu yana ɗauke da ƙanshin alfarma, kamar a ce an ɗauki wane aiki saboda idon sani. Sannan ni da nake koyar da Ingilishi har yanzu ina da "said" da "one" a hannuna, kuma ba su daina taurin kai ba.

Malamin Hausa a kwalejin horar da malamai

Tsoron farko ba shi da ƙarfi, Malama, domin da zarar an sa "kalmomin" a gaba, babu wanda zai kai hankalinsa ofis. Abin da ya fi burge ni a shawarar Baba shi ne tana haihuwa: ana iya cewa kalma ta zama idon sani ga yaro, ko har yanzu baƙuwa ce gare shi, ko a tambayi malami idon sani nawa ɗalibinsa ya tara a wannan zango. "Kalmomin kallo ɗaya", wadda na taɓa ji a bakin wasu ɗalibaina, ba ta lanƙwasuwa haka, ga shi tana sa a zaci kallo ɗaya ya isa a koya. Tsoro na biyu kuwa gaskiya ne, amma maganinsa a ba kowane nasa suna. Jerin Dolch da Fry a kira shi "kalmomi masu yawan fitowa". Su "said" a kira su "kalmomi masu saɓa ƙa'ida", kuma ko su ba a haddace su dungurungum: "s" da "d" suna nan a kan sautinsu, tsakiyar kawai za a ja hankalin yaro a kai.

Malamin aji biyu, Katsina

Na gode ƙwarai, Baba Malam, na gode Malam da Malama. Na goge "ganin ido" na sa "kalmomin idon sani", da bayanin cewa matsayi ne da kalma ke kaiwa bayan yaro ya haɗa ta da kansa sau da yawa. Sauran biyun ma na shigar da su yadda aka tsara. Babin da na ware wa katunan Hausa na mayar da shi na gajerun jimloli, inda "gari" zai fito sau biyu da ma'ana biyu. Maganar "mi" da "me" zan kawo ta daban in na kai babin rubutu, domin a can ne yarana suka fi tuntuɓe.