Wai rage ma'aikata na jawo ciwon damuwa, ko rashin tawakkali ne?

Ɗan Ringim: Jama'a ni fa ban yarda da zancen nan ba, wai in kamfani ya yi garambawul ya rage ma'aikata sai mutum ya kamu da ciwon damuwa. An sallame ka ka dawo gida mana, ga gona ga fadama ka kama noman rani. Rashin tawakkali ne kawai.

Baban Ummi: Haba yaya, a baki ai da sauƙi. Ƙanina yana aiki a wani kamfani a Sharaɗa, tun da aka ce za a haɗe sassa barci ya ƙaurace masa, kullum jira yake a kafe sunaye, kuma fa a ƙarshe ba a sallame shi ba, ya tsira amma aka jibga masa aikin mutum uku albashi na nan yadda yake, abokan da suke cin abinci tare duk an kore su shi kunyar haɗa ido da su ma yake ji. Ya zo gida da Sallah ya rame, magana kaɗan sai faɗa, matarsa ce ke shan wahalar. Mutumin da ba ya wasa da jam'i za ka ce ba shi da tawakkali?

Ɗan Ringim: To ai ka ga shi aikinsa na hannunsa, sai ya gode Allah.

Malamar Asibiti: Alhaji, godiya daban ciwo daban. Mai hawan jini ma yana tawakkali amma yana shan magani. Zaman rashin tabbas ɗin nan shi ya fi cin rai, wata da watanni ba ka san makomarka ba. A Faransa kamfanin France Télécom ya shirya rage ma'aikata 22,000, aka riƙa matsa musu da canjin wurin aiki da wulaƙanci don su gaji su tafi da kansu, wasu har suka kashe kansu, a 2019 kotu ta kama shugabannin da laifi. Kotu fa, ba zancen shayi ba.

Kawu Na Gezawa: Ba sai an je Faransa ba 'yata. A 2005 da aka haɗe bankuna daga 89 suka koma 25, da kuma 2013 da aka sayar da kamfanonin wuta, magidanta nawa ne suka dawo ƙauye? Wanda da shi ke aiko da kuɗin taki da na makarantar yara, yau shi ake kai wa kwanon tuwo, wannan zubewar girman ita ke sa mutum ya daina fitowa majalisa ya ƙule a ɗaki, mu kuma sai mu ce sammu ne ko iska mu yi ta hayaƙi.

Ɗan Ringim: Kawu na ji, amma kamfani in yana faɗuwa dole ya rage, ba gidan sadaka ba ne.

Malamar Asibiti: Ba wanda ya ce kar ya rage. A faɗa wa mutane gaskiya da wuri, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, kar a bar su da jita-jita. Baban Ummi don Allah kar ku zuba wa ƙanin nan ido, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau akwai a Kazaure, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Baban Ummi: Shi ne fa abin da yake tsoro, kar a ji a gari. Amma zan sa Inna ta yi masa magana, ita yake ji.