Ce-ce-ku-ce a zauren masu fasaha na Zariya kan batirin gilashin XR

Ɗalibin Samaru: Assalamu alaikum. Jiya na gabatar da bincikena, wani malami ya ce abin da nake yi ba shi da amfani ga ɗan Najeriya, kuma har yanzu maganar tana ci mini rai. Ga batun a taƙaice. Gilashin XR, wanda ake sawa a fuska yana nuna wa mutum hotunan kwamfuta kamar a zahiri, yana iya karɓar hoto 60 a sakan guda, wato hoto ɗaya duk bayan milisakan 16.67. Shi kuwa tsarin DRX, wanda ke barin rediyon na'ura (ɓangaren da ke haɗa ta da sabis) ya yi barci ya farka a kan ƙa'ida don adana caji, an gina shi ne a kan zagayen cikakkun lambobi irin su milisakan 16 ko 20. Idan aka zaɓi 16, kowane hoto zai zame da kashi 2 bisa 3 na milisakan, ta yadda a hoto na 24 zamewar ta cinye zagaye guda cur. Sai rediyo ya farka bai tarar da komai ba, ko kuma hoto ya iso yana barci. Wannan ɓarna ce, shi ya sa ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin sadarwar wayar hannu, ta amince da zagaye irin na milisakan 50 bisa 3 a kundin ƙa'idojinta na Release 18 da aka kammala a 2024.

Mai gyara na PZ: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kalmar ɓarna ta yi nauyi. Duk wayar da aka kawo shagona tana zuƙe caji, ko dai hasken sikirin ne, ko furosesa ce ke zafi, ko batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi. Ban taɓa buɗe waya na ga rediyo ne mai laifi ba.

Injiniyan Tudun Wada: Malam mai gyara, abin da yaron nan yake magana a kai ba a ganinsa da sukuddireba. Maigadin da ya kwana a tsaye a bakin ƙofa alhali baƙo ɗaya ake jira, kuma an san lokacin isowarsa, ai ƙarfinsa ya tafi a banza. Idan wannan ba ɓarna ba ce, ina son a faɗa mini sunanta.

Mai gyara na PZ: Sunanta jiran aiki, ranka ya daɗe. Ɓarna ita ce abin da aka zubar da gangan. Kai da kanka ka san hotunan ba sa isowa daidai lokacin da aka ƙiyasta, wani ya riga, wani ya makara, saboda haka dole rediyo ya zauna a farke na ɗan lokaci, in ba haka ba mai gilashin ya juya kai hoto ya biyo baya, jiri ya kwashe shi.

Malama ta Shika: Ina neman afuwa, amma akwai abin da kowa ya tsallake. Meta Quest 3 da ya fito a 2023 da Apple Vision Pro na 2024 duk ba sa ɗaukar layin waya, da Wi-Fi suke aiki, kuma batirin kowannensu bai wuce kimanin awa 2 ba. A Wi-Fi 6 akwai tsarin da ake kira TWT, inda na'ura da rauta ke ƙulla yarjejeniyar lokacin farkawa. Ɗalibi, a kan wanne daga cikin biyun ka yi gwajinka, kuma kashi nawa na caji ka ga an rage?

Injiniyan Tudun Wada: Hajiya, za a zo kan wannan. Ina so mai gyara ya janye maganarsa tukuna, domin ba da niyya ake auna ɓarna a aikin injiniya ba. Famfon da ke yoyo ba shi da niyya.

Ɗan Sabon Gari: Ni na goyi bayan Oga na PZ. Ku 'yan jami'a kullum haka kuke, sai ku ɗora babbar kalma a kan ƙaramin abu domin takardarku ta karɓu. Tun Disamba 2021 aka yi gwanjon lasisin 5G a ƙasar nan, kamfanonin MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6, amma a unguwarmu har gobe sai na fita ƙofar gida nake samun sabis mai kyau. Malamin da ya faɗa maka gaskiya bai yi laifi ba.

Ɗalibin Samaru: Yaya, ban ce gilashin ya cika kasuwa ba. Lissafi na kawo, kuma babu wanda ya ce lissafin ba daidai ba ne.

Ɗan Sabon Gari: Lissafi a allo daban, hannu a kan na'ura daban. Idan wayarku ta mutu ai wurinmu kuke kawowa da digirinku.

Injiniyan Tudun Wada: Wanda yake canza sikirin bai zama wanda ya ƙera waya ba, kuma ina roƙon a daina kawo maganar digiri, tunda ba mu muka hana kowa karatu ba.

Mai gyara na PZ: Injiniya, wannan gori ne, kuma na girme ka.

Shugaban zaure: Jama'a, a tsaya haka nan. Na karanta komai daga farko, kuma ga abin da aka cim ma. An tabbatar da cewa zaman rediyo a farke ba tare da aiki ba ɓarna ce, kamar yadda Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, kuma mu da muka karanta fannin mun san haka ne. 'Yan uwanmu masu gyara sun kawo abin da suke gani a shago, muna godiya, sai dai ba a kansa ake magana ba. Tambayar Hajiya a kan Wi-Fi ta fita daga maudu'i, za ta iya buɗe mata zare na dabam. Na goge saƙonni biyu na Ɗan Sabon Gari da suka biyo baya saboda lafazinsu, kuma daga yanzu zuwa gobe da safe shugabanni kaɗai ne za su iya rubutu a zauren.