Shin da gaske Lee-Enfield ta fi Mauser ta Jamus?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum jama'a. A duk bindigogin soja masu sakata, waɗanda sai an ja da hannu bayan kowane harbi, ni dai na ce babu kamar Lee-Enfield ta Birtaniya. Sojan Ingila ya karɓe ta a 1895, kuma ita ce babbar bindigarsa har 1957. Harsashi 10 take ɗauka, Mauser ta Jamus kuwa 5. Mai ja ya kawo hujja.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ja. A yaƙin Afirka ta Kudu, 1899 zuwa 1902, Bowa (Boer), Turawan da suka zauna a can, masu riƙe da Mauser sun gasa wa sojan Ingila aya a hannu, domin su harsashi biyar suke cusawa lokaci guda, sojan Ingila yana ta sa ɗaya-ɗaya. Bayan yaƙin ne Ingila ta kwaikwayi wannan dabara a gajeriyar samfurin SMLE. Ba ta tsaya nan ba, har ta ƙera wata bindiga mai suna Pattern 1913 bisa tsarin Mauser da niyyar ajiye Lee-Enfield. Ɓarkewar yaƙin 1914 ne ya cece ta.

Baba Sufeto: Ɗana Injiniya, abin da ka faɗa haka yake, amma sai wanda ya riƙe ta ya san sirrinta. Mu a aikin ɗan sanda da wadda muke kira Mark 4 aka horar da mu. Hannun sakatar yana dab da kunama, ɗagawarsa kaɗan ce, tafiyarsa gajera. Kuma sai lokacin da kake tura sakatar gaba take ɗanuwa, da ƙarfin tafin hannunka, ita kuwa Mauser tun wajen ɗagawa take ɗanuwa, shi ya sa take da tauri. Wanda ya ƙware ba ya ɗauke kuncinsa daga jikin katakon, idonsa na kan saiti har ya gama. Wannan ba a takarda ake ganin sa ba.

Malamin Tarihi: Na gode, Baba. Shi ya sa a yaƙin Mons na ƙasar Beljiyam, a watan Agusta 1914, ake cewa Jamusawa sun ɗauka mashinga ake yi musu ruwa da ita, alhali bindigar hannu ce. Horon sojan Ingila na lokacin harbi 15 ne a minti ɗaya, kowanne da saiti.

Injiniya: Malam, horon harbi 15 gaskiya ne. Amma labarin mashingar daga bakin Turawan Ingila ya bazu, kuma su ne suka ja da baya daga Mons. Ko mun yarda da shi, horon sojan ne ya yi aiki.

Hajiya: Ku gafarce ni, ni ba ƙarfen ne ya dame ni ba. Kakana yana cikin 'yan Boma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa, da irin wannan bindiga suka fuskanci Japan a kwarin Kaladan a 1944 da Myohaung a 1945, cikin ruwan sama da laka. Barikin Dalet na Kaduna ma sunan wani fagen fama ne na can. Bindigar da ta yi musu aiki a wannan daji, ni ba zan rena ta ba.

Injiniya: Allah ya jiƙan su, Hajiya, ban rena ta ba. Amma harsashinta na .303 yana da baki a gindi, in ba a jera shi daidai ba sai ya sarƙe. Maƙallan sakatarta a baya suke, na Mauser a gaba, shi ya sa Mauser ta fi jure harsashi mai ƙarfi. Amurka ma sai da ta biya kamfanin Mauser kuɗi kan bindigarta Springfield ta 1903.

Baba Sufeto: To in ƙarfi ne, ɗana, masana'antar Ishapore ta Indiya ta ƙera Lee-Enfield da ƙarfe mafi inganci a shekarun 1960, ta ɗauki harsashin NATO na 7.62. Masu sintirin yankin ƙanƙara na Kanada kuma ba su fara ajiye samfurin No. 4, wadda muke kira Mark 4, ba sai bayan 2015. Wace ƙasa ce ta riƙe Mauser a hannun jami'anta har zuwa lokacin?