Neman kalma: me za mu kira "cingulum" na sojan Rum?

Mai Shirin Tarihi: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan sojojin Rum na ƙarni na 4 da na 5, kalma ɗaya ta tsaya mini. Cingulum fata ce mai faɗi, wata ta kai santimita 10, an jera mata faranta na tagulla masu zane, ana ɗaura ta a ƙugu bisa riga, a lanƙwasa jelar a soke ta, bakin ya sauko gefen cinya. In ce bel?

Ɗan Zazzau: Ɗamara. Magana ta ƙare.

Malamar Aji: Ni ma ɗamara, kuma ba don siffa kaɗai ba. A wurinsu ita ce shaidar aiki: ko ba sulke, da an gan ta an san soja ne, har ma'aikatan gwamnati na ƙarshen daular suna ɗaura ta. Wanda aka kora, ita ake kwance masa. To mu ma ba "masu ɗamara" muke ce wa jami'an tsaro ba?

Baba Na Sakkwato: Bel dai kada in ji ta a rediyo, aron Turanci ne. Amma ɗamara ta yi yawa, ɗan dambe ma da tasa. Na daɗe ina ba da shawarar "maɗaurin barde".

Ɗan Zazzau: Allah gafarta Malam, barde ai mahayi ne. Dakarun ƙasa fa?

Baba Na Sakkwato: Kullum haka kuke. In kalma ba daga Kano ko Zariya ta fito ba, sai a ce baƙuwa ce. Su wa suka fi mu sanin kayan yaƙi?

Malamar Aji: Baba, a yi haƙuri, ba wanda ya raina Sakkwatanci. Batun aron bel kuwa, sirdi da linzami ma aro ne daga Larabci, mun riƙe su.

Mai Shirin Tarihi: Saura ɗaya: balteus, wadda ake ratayawa a kafaɗa ta riƙe takobi a hagu, kamar yadda aka fi yi a ƙarni na 3.

Baba Na Sakkwato: Wannan hamila ce, ba ta bukatar ƙirƙira.

Mai Shirin Tarihi: Madalla. Ɗamarar soja a ƙugu, hamila a kafaɗa. Ƙarfen gaban kuwa sai na ce kan ɗamara.

Baba Na Sakkwato: Ka sa, tunda lokaci ya ƙure maka. Ni dai a rubutuna maɗaurin barde zan ci gaba da cewa.