Inji ya datse wa ƙanina yatsu biyu, kamfani sun ce kada ya dawo

Ɗan Ja'en:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka. Ƙanina yana aiki a wani kamfanin robobi a Sharada shekara uku kenan, satin da ya wuce yana aikin dare inji ya datse masa yatsu biyu, kemis kawai suka kai shi aka naɗe hannun, da ya koma sai manaja ya miƙa masa dubu ashirin wai ya je ya yi jinya, an riga an sa wani a wajensa. Takardar ɗaukar aiki babu, wai shi ɗan kazuwal ne, wato na wucin gadi. Baba ya ce a bar wa Allah, ni kuma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Malam Habu:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Malam, zancen kazuwal ɗin nan kar ya ruɗe ku. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da na wucin gadi, ko da baki aka ɗauke shi, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ce ke biya, kamfani ne ya kamata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa don irin wannan ranar. Amma ku yi sauri, ana so ya sanar da kamfani cikin kwana 14, ku yi shi a rubuce ku riƙe kwafi, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya ne. Rashin takarda ma laifinsu ne, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, kuma wanda ya kai shekara biyu bai cika biyar ba sai da notis na sati biyu ko kuɗinsa.

Sani Mai Walda:
Hmm Malam Habu duk gaskiya ne amma talaka da kotu? Kuɗin lauya kaɗai sai ya cinye diyyar, ga ɗage zama ba iyaka.

Maman Ilham:
Haba Malam Sani, ai ba da kotu ake farawa ba. Su fara zuwa ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, sau da yawa takarda ɗaya in ta isa kamfani sai ka ga manaja ya canza murya. In ta ƙi ci akwai kotun ma'aikata nan Kano, ga kuma Legal Aid masu tsaya wa marasa hali kyauta. Ɗan'uwa, ku kai shi asibitin ƙashi na Dala a rubuta rahoton likita, a ɗauki hoton hannun, katin shaidar aiki da alat ɗin albashi duk a adana, ya karɓi lambar waɗanda suke tare a daren. Kuma ko me za su ba shi kar ya sa hannu a wata takarda sai wani ya karanta masa.

Ɗan Ja'en:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Albashin a hannu suke ba su babu alat, amma katin yana nan. Malam Habu, dubu ashirin ɗin da ya riga ya karɓa fa, ba za ta ɓata maganar ba?