Baba ya ce shagon Kawu, ni kuma busar da tumatir nake so, ku ba ni shawara

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cushe min, ko barcin kirki ba na samu.

Shekarata 24, ni ne babba a ɗakinmu, da ƙanne shida a bayana. Aikin gona na karanta, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Allah ya sa zubinmu ya riski ƙarin alawus ɗin nan zuwa ₦77,000, ƙauyen da aka tura ni kuma babu wurin kashe kuɗi. Da wannan da ɗan darasin yamma da nake yi wa yara na haɗa ₦620,000. Su ke nan abin da na mallaka.

Mahaifina tsohon malamin firamare ne, fansho yau a samu gobe a jira. Kawuna, yayan Inna, yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. A da shi da Baba ba sa ga maciji saboda wani filin gadon su Inna da aka sayar, muka yi shekaru ko gaisuwar salla ba ma zuwa gidansa, sai da manya suka shiga tsakani. Da aka shirya, shi ya biya min rajistar aji uku da aji huɗu ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Yanzu ya aiko in zo shago in zauna, wai yana son mai ilimi ya riƙe masa lissafi. Baba ya amsa masa tun kafin a ji ta bakina. Inna kuwa da na ɗauko zancen sai hawaye, wai kada in sake raba ta da ɗan'uwanta. To amma akwai ƙanen matarsa da ya shiga shagon nan tun ina sakandare, har yau ba a sallame shi ba, yana nan yana naɗe yadi.

Abin da ke raina tumatir ne. Duk wanda ya bi hanyar Zariya tsakanin Janairu da Maris ya ga yadda ake jibge kwanduna a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Wani manomin ko kuɗin mota ba ya mayarwa, sai ya yanka ya shanya a ƙasa a bakin titi, ƙura ta bi ta kai, awaki su bi ta kai. Damina na faɗuwa kuma tumatir ya koma na masu hali. Ina so in riƙa saye lokacin arha, in busar da tsafta a akwatin shanya mai aiki da zafin rana irin wanda muka ƙera a makaranta, in niƙa, in ɗura a leda mai suna. Na riga na zaɓi sunan, har an zana min tambari. Sai dai tun abin da ya faru da kajin nan Baba ba ya son ya ji na ce sana'ar kaina.

In bi Kawu ne, ko in tsaya a kan nawa? In kuma nawa ne, yaya zan faɗa masa ba a ce na yi butulci ba?

Alhajin Singa:
Wa alaikumus salam. Yaro, buɗe kunnenka. A kasuwa na yi furfura, kuma irinku na gani ba adadi, kowa da takarda da tambari a hannu. Ka tafi shagon kawunka. Kai yanzu ba ka san yadda ake karɓo bashi a hannun wanda ya haife ka ba. Ba ka iya bambance mai saye da mai tayi ba. Ba ka san ranar da ake riƙe kaya da ranar da ake sakinsu ko da faɗuwa ba. Wannan ba a aji ake koyarwa ba, a kan benci ake koya. Dangote da kuke ta kafa hujja da shi, a hannun kakansa Alhaji Sanusi Dantata ya tashi cikin ciniki, kuma da rancen kawunsa ya fara a 1977. Shi ɗin ma ya buɗe kamfanin tumatir a Kadawa a 2016, je ka tambayi mutanen wurin sau nawa aka buɗe aka rufe. Wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka tumatir ya wahalar da shi, kai da dubu ɗari shida za ka tunkare shi?

Mai neman shawara:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma ba iri ɗaya ba ne. Injin Kadawa tan 1,200 na ɗanyen tumatir aka gina shi ya ci a kullum, rashin isasshen kaya ne matsalarsa. Ni kwanduna kaɗan nake buƙata, kuma ba na buƙatar wuta ko man dizal.

Alhajin Singa:
Ka ji irin ta. An ba ka shawara kana kawo lissafin tan.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanena, me ya faru da kajin? Ka faɗa a wuce kamar ba komai, alhali nan ne Baba ya tsaya. In mutuwa suka yi daban, in bashi ne ya cinye su daban. Ni na yi sana'ar kayan miya da man gyaɗa daga gida, wallahi ba faɗuwar kasuwa ta kashe min jari ba, dangi ne. Wannan ta aiko yarinya a ba ta kwalba ɗaya zuwa ƙarshen wata, waccan ta ce ai Yaya ce ba za ta hana ni ba. Ranar da na buɗe baki na tambayi kuɗina, har gidan uwar mijina aka kai ƙarata wai na cika son abin duniya. Har yau akwai wadda in mun haɗu a biki sai ta ɗauke kai, kuma ita ke riƙe da kuɗina. Kai da kake da ƙanne shida da uba ɗan fansho, ranar da aka ce babu kuɗin makarantar wani, ina kake jin za a duba? Jarinka za a duba.

Ɗan Kura:
Ni manomin tumatir ne a ruwan Tiga, bari in faɗa maka abin da na sani. Tumatir ruwa ne, sama da kashi 90 cikin 100. Kilo 10 na ɗanye ba zai ba ka cikakken kilo ɗaya na busasshe ba. Ka fara lissafinka daga nan, ka sa kuɗin masu yanka, kuɗin dako, da wanda zai ruɓe kafin ka kai shi wurin shanya. Akwatin makaranta faranti nawa yake ɗauka? Don in ka sayi kwando goma a yau, gobe ba su jiranka. Kuma ka nemi mai tauri irin UTC, mai ruwa-ruwan nan baƙi yake yi.

Na biyu, kauɗa, wato busasshen tumatir, ba sabon abu ba ne, buhu-buhu ake lodinta, kuma masu ita rana kyauta ta busar musu a ƙasa, don haka za su karya maka farashi. Na uku, arhar ba kowace shekara ba ce. A 2016 da tsutsar nan da muke kira sharon ta shigo, gonaki ƙurmus suka yi, babu na ci balle na shanya. Ta sake taɓa mu a 2024.

Amma kada a ce tunaninka banza ne. Mu abin na ci mana rai. Ka sayi taki da tsada, ka sayi fetur na injin ban ruwa tun da aka cire tallafi a 2023, ka kai kaya kasuwa dillali ya tsaya a kanka ya yanka farashin da ya ga dama don ya san ba ka iya mayarwa gida. Shi bai taɓa shiga laka ba amma ya fi ka samu. In da masu saye su busar da yawa da ba a yi mana haka ba.

Injiniya:
Ni a ganina ku duka kuna mayar da shi baya. Shekara 24 da digiri, ya sayi kwamfuta ta hannu ya koyi aikin da ake biya ta intanet. Ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koyar da matasa aikin kwamfuta, ana koyarwa kyauta. Ko kuma ya sa sola da firiza ya sayar da ƙanƙara, azumi na tafe.

Alhajin Singa:
Ƙanƙara kowane lungu akwai mai ita. Kwamfuta kuma wa ya taɓa ciyar da ƙanne shida da ita a shekarar farko? Shago na ce.

Hajiya Mai Abincin Biki:
Ɗana, ni ce irin wadda kake son sayar wa, don girkin biki da na taro nake yi, kuma da damina tumatir na cinye min riba. Duk rubutunka ban ga inda ka ce wane ne zai saya ba. Ka faɗi suna, ka faɗi tambari, ba ka faɗi mai saye ba.

Bari in gaya maka gaskiyar mu mata. Garin tumatir a leda ba na yarda da shi, don ban san me aka haɗa a ciki ba, ana zuba kala a kayan niƙa. Kauɗar da nake gani da idona na fi amincewa da ita, matsalarta yashi. Sai na jiƙa na wanke na sake wankewa, duk da haka wani lokacin a ji ƙasa a miya, kuma miyar ta yi duhu. In ka kawo min yankakke, ja, wanda babu yashi, zan biya fiye da na kasuwa ban yi ciniki ba. Ka ga ke nan wataƙila ba ka buƙatar niƙa, ba ka buƙatar tambari a yanzu. Kuma in dai leda mai suna za ka kai kantuna, sai ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, su kuma sai sun ga wurin da kake aikin. Mai tuwo da mai dafa wa makarantar kwana ba ruwansu da leda, miyar za su ɗanɗana.

Ka ware abin da in ya ɓace ba za ka yi kuka ba, kamar dubu talatin. Ka busar da kwando biyu, ka zaga wurin masu abincin sayarwa na unguwarku, ka ba su su gwada, ka koma ka ji. Wadda ta ce kawo ƙari ta miƙo kuɗi, ita ce shaidarka, ba wadda ta ce ya yi kyau ba. Ka ajiye wani a leda ka ga ko zai kai damina bai yi fumfuna ba.

Batun Kawu kuma, wa ya ce dole ɗaya za ka zaɓa? Tumatir wata uku ne. Ka je da Baba ku zauna da shi, ka ce ka karɓa, amma a faɗi shekarun da za ka yi da abin da za a sallame ka da shi, a gaban shaidu. Ka roƙi ranakun da za ka riƙa zuwa Gafan. Mutumin da ya biya maka makaranta ba a roƙe shi ba, ban ga abin da zai hana shi jin wannan ba. Lissafin da za ka riƙe masa ma zai yi maka amfani a naka.

Mai neman shawara:
Hajiya na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai gwajin kwando biyu ba zai nuna komai ba, don sai da babban akwati ake samun kalar da nake nufi. Kuma na riga na ba mai walda kafin alƙalami na ₦180,000 ya fara haɗa guda biyu. Garin kuma shi ne bambancina da masu buhu, in na bar shi na zama kamar kowa. Kawu ba ku san shi ba ne, ba a yi masa sharaɗi.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Ka ba da kuɗi ka gama sannan ka zo neman shawara? Baba ya sani?

Mai neman shawara:
Bai sani ba tukuna, Anti. So nake ya ga abin a tsaye, zai fi fahimta.

Alhajin Singa:
To ka ga abin da nake faɗa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinka ya tafi ƙarfe, ba ka sayar da ko cokali ɗaya ba. Ɗan kasuwa kaya yake fara nema wa mai saye, ba kayan aiki ba. Ka je gobe da sassafe ka karɓo abin da ya rage a hannun mai waldar nan, ko rabi ne, ka kai wa kawunka ajiya. Yaron da ka ce ba a sallama ba, ka san dalili? Wataƙila hannunsa ne ba shi da kyau. Ni duk wanda ya riƙe min amana na buɗe masa shago.

Abban Sadiya:
Alhaji a yi mana adalci, ba kowane maigida ne kamar ku ba. Ni ƙuruciyata duka a shagon wani ɗan'uwan babana ta ƙare, da na nemi sallama aka ce kasuwa ba ta tafiya, aka ba ni kuɗin da ko hayar rumfa bai kai ba. Da na tattara na sayi masara na ajiye a ƙarshen 2024 don na ga yadda ta yi tsada, sai farashi ya faɗo a 2025, na sayar ƙasa da yadda na saya. Don haka shi ma wannan saye da arha a jira tsada ba tabbas ba ne. Ni dai ban san me zan ce maka ba ɗan'uwa, ka yi istihara.

Ɗan Kura:
In akwatunan sun riga sun tafi, to a ina za ka kafa su? In a cikin gari ne kuɗin dako zai cinye ka, gara kusa da gona. Kuma wa zai kwana a wurin?

Hajiya Mai Abincin Biki:
Guda ɗaya ma ya isa gwaji, ka ce ya dakata da na biyun. In ka busar ka yi min magana, zan karɓi mudu biyu in gwada a miyar taushe da jalof. Amma yankakke, ba gari ba.

Mai neman shawara:
Wurin kafawa ina kan magana da wani abokina. Kawu ya kira Baba ɗazu, ya ce in same shi a shago ranar Asabar bayan azahar. Don Allah akwai wanda ya san inda ake samun injin liƙe leda mai sauƙin kuɗi a Kano?

Maman 'Yan Biyu:
Har yanzu ba ka faɗa mana abin da ya sami kajin ba.