Neman kalma: me za mu kira abin da ake bugawa a ƙwallon gora na ƙanƙara?

Mai zaren:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Yanzu da muke ƙarshen 2025, ina shirya rubutu a kan tawagar da Kanada za ta kai gasar Olamfik ta hunturu a Milan ta Italiya, a watan Fabrairun 2026, a wasan ƙwallon gora na ƙanƙara. Gasa ce da ta kamata mai karatun Hausa ya ji labarinta, domin rabon da 'yan wasan NHL, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, su halarci Olamfik tun Sochi a 2014. A 2026 za su je.

Sunan wasan bai ba ni wahala ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne abin da ake bugawa, wanda Turawa ke kira puck. Baƙar roba ce mai tauri, zagayayya, samanta da ƙasanta a shafe. Faɗinta inci 3, kaurinta inci 1, nauyinta bai wuce giram 170 ba. Kafin wasa ana sa ta a firiza ta daskare don kada ta riƙa tsalle. Ba mirginawa take yi ba, sulalewa take a kan ƙanƙara, kuma idan mai ƙarfi ya zabge ta takan wuce gudun kilomita 160 a sa'a. A rubutuna kusan kowace jimla sai ta fito: wane ya ƙwace ta, wane ya miƙa, mai tsaron raga ya tare. Ina neman kalma gajera wadda za ta ɗauki wannan aiki.

Mai fassarar labarai, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Mu a wurin aiki ƙwallo kawai muke cewa mu wuce. Tunda wasan ƙwallon gora ne, abin bugawa ƙwallo ne. Sai dai ka kula da abu guda: kada ka rubuta dusar ƙanƙara kamar yadda wasu ke yi. Dusar ƙanƙara ita ce mai laushi da ke zubowa daga sama. Wannan wasan a kan daskararren ruwa mai santsi ake yin sa, cikin rufaffen fili.

Mai zaren:
Na gode Malam, gyaran dusar ƙanƙara ya shiga. Amma ga inda ƙwallo ke ba ni matsala. A bakinmu yau, ƙwallo shi ne abin bugawa, shi ne kuma cin da aka yi. Idan na ce ɗan wasan Kanada Connor McDavid yana da ƙwallo, ba a sani ba ko yana riƙe da ita ne a gorarsa ko ya zura ta a raga. A ƙwallon ƙafa mun saba, muna ganewa. A wasan da mai karatu bai taɓa gani ba, zai zana tamaula a ransa, tana tsalle, ana sa mata kai. Daga nan duk bayanin da zan yi ya karkace.

Wani matashi, Jos:
To a ari kalmar mana, kamar yadda aka ari fenariti da kwana.

Malamin Hausa, Zariya:
Ɗana, aro ba laifi ba ne, amma gwada furta ta. Bahaushe yakan mayar da wancan harafi na farko ya koma f, kamar yadda muka samu fensir da famfo. Idan ka yi haka a nan, abin da zai fito daga bakinka ashar ne na Turanci wanda kowane yaro ya sani. Ba mai iya karanta wannan a rediyo. Wannan ƙofar a rufe take.

Ni shawarata faifai. Siffa ɗaya ce, kuma Hausa ta riga ta yi wannan aikin sau biyu: faifan da mata ke saƙawa ya ba mu faifan garmaho, daga baya ya ba mu faifan CD. A ce faifan roba a karon farko, daga nan a ci gaba da faifai.

Ɗan Damagaram:
Ina goyon bayan Malam. A Faransa palet suke cewa, amma Faransawan Kanada na Kebek rondelle suke cewa, wato ɗan zagayayyen abu. Mutanen Finlan, waɗanda suka ci zinariyar 2022 a Beijin, kiekko suke cewa, ma'anarsa faifai, har sunan wasan ma daga nan suka ɗauko. Ka ga waɗanda suka san wasan siffa suka bi.

Bakanike, Kano:
Ranka ya daɗe Malam, in siffa ce ai washa ce da muke sa wa noti, sai dai ita tana da huji a tsakiya. An ce ma Rashawa da sunan washa suke kiran abin.

Ɗaliba a Winnipeg:
Haka ne Yaya, shaiba suke cewa, kuma kalmar da suke kiran washa da ita ke nan. Amma Malam, a gafarce ni, ina da ja a kan faifai. Na riƙe abin nan a hannuna, a nan garin ko a shagon kayan wasa na unguwa ana sayar da shi. Ba shi da sirantar faifai ko kaɗan, dunƙulalle ne mai nauyi, in ya sami mutum a baki haƙora ke zuba. Sannan ku duba yadda faifai yake a intanet yau. Duk wanda ya ga an rubuta "McDavid ya saki faifai" zai fara neman bidiyon ne. "Faifan Crosby ya shiga" kuma sai a ɗauka waƙa ya fitar.

Tunda ana maganar tawaga, bari in ƙara wa mai zaren wani abu. A nan ba a musun 'yan gaba. Tun watan Yunin 2025 aka bayyana mutum shida na farko: Sidney Crosby, Connor McDavid, Nathan MacKinnon, Cale Makar, Brayden Point da Sam Reinhart. Musun da ake yi a mota da aji duk a kan mai tsaron raga ne. Kuma abin da ke ci wa mutanen garin nan rai, gwanin da ke tsare wa ƙungiyar Winnipeg raga, Connor Hellebuyck, wanda aka zaɓa gwarzon NHL na kakar 2024 zuwa 2025, Ba'amurke ne. Shi za su fuskanta a Milan.

Malamin Hausa, Zariya:
'Yata, hujjarki ta bidiyo ta kama. Kalmar da za ta kai mai karatu wani wuri daban ba ta yi aiki ba. Na janye faifai.

Dattijo, Daura:
Ku yi haƙuri yara in sa baki. Ku kuna jin ƙwallo sai ku tuna ta roba mai iska. Mu da muka taso, ƙwallo na ɗan itace ne: ƙwallon mangwaro, ƙwallon dabino, ƙwallon goruba. In an gama gwaguyar goruba, abin da ya rage mai taurin nan shi muke bugawa a dandali da sanda mai lanƙwasa, mu rabu gida biyu, kowa na neman ya wuce da shi gidan abokan karawa. Ba ya tsalle, ba ya fashewa, in ya same ka a ƙwauri sai ka zauna. Na cikinsa mai taurin tsiya shi ne ƙodago. Abin da 'yar nan ta Kanada ta kwatanta, ni ƙodago na ji.

Mai zaren:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ta tsaya mini a rai. Bari in gwada ta a cikin jimla, domin a nan ne kalma ke nuna ko za ta rayu.

A wasan ƙarshe na gasar ƙasashe huɗu da aka yi a Boston a Fabrairun 2025, Kanada da Amurka sun tashi 2 da 2, aka shiga ƙarin lokaci. Mitch Marner ya karɓi ƙodago a gefe, ya miƙa wa McDavid da ke tsaye shi kaɗai a gaban raga, McDavid ya zura. Kanada ta ci 3 da 2.

Ku ji yadda ta zauna. Ya ƙwace ƙodago, ya ja ƙodago, ya zabga ƙodago, mai tsaron raga ya tare ƙodago. Babu inda za a ɗauka wani abu ake nufi. Kuma ta bar mana ƙwallo ta yi aikinta na ci: wane yana da ƙwallaye kaza a bana.

Ɗan Damagaram:
Amma ƙodago ba shafaffe ba ne, Malam. Siffar fa?

Malamin Hausa, Zariya:
Siffa ba ita kaɗai ke haifar da suna ba. Jirgi na ruwa ne tun asali, ga shi muna da na ƙasa da na sama, kuma ba wanda ya yi kama da kwalekwale. Aikin ɗaukar mutane ne ya haɗa su. A nan ma aiki da hali sun haɗu: abu mai tauri, ɗan ƙarami, da ake kora da gora. A karon farko marubuci ya ce ƙodagon roba, ya bayyana siffarsa a jimla ɗaya, shi ke nan. Baba ya fi mu gaskiya.

Wani matashi, Jos:
Ni gaskiya ban taɓa jin kalmar ba sai yau.

Mai zaren:
Ƙanena, wannan ma riba ce a wurina. Kalmar ba ta da wani aiki a kafafen labarai, saboda haka ba za ta yi karo da komai ba, kuma duk wanda ya tambayi babba a gida za a gaya masa.

Ga yadda hasashen nawa zai tafi, ku duba mini kalmomin.

Kowace ƙasa za ta je da mutum 25, uku daga ciki masu tsaron raga. A fili kuwa mutum shida ne kowane ɓangare: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Saboda gudun wasan ba a jure shi, 'yan gaba ba sa kai minti ɗaya a fili sai a canza su, uku su fita uku su shigo, ana cikin wasa. Waɗannan rukunan na uku-uku na kira su sahu. Sahun farko na McDavid ne, wanda zai cika shekara 29 a Janairu kuma zuwa 2025 bai taɓa buga Olamfik ba. Na biyu na MacKinnon, wanda aka zaɓa gwarzon gasar ƙasashe huɗu. Crosby, mai shekara 38, shi ya ci ƙwallon da ta ba Kanada zinariya a Vancouver a 2010, kuma wanda ya miƙa masa ƙodagon shi ne Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A gaba, matsalar koci Jon Cooper ita ce wa zai bari a gida. Ni zan tafi da Macklin Celebrini na ƙungiyar San Jose duk da shekarunsa 19, domin yana komawa baya ya taya tsaro, abin da ake bukata daga wanda ba zai samu sahun farko ba. Sam Bennett ma zan tafi da shi, shi ya farke wa Kanada a Boston. A baya, Makar da abokinsa na Colorado, Devon Toews, sun saba da juna, ba dalilin raba su.

Raga ce ke hana ni sakin jiki. A Olamfik ta 2002 Martin Brodeur ne a ragar Kanada, a 2010 Roberto Luongo, a 2014 Carey Price, shekarar da ƙwallo 3 kacal aka ci Kanada a duk gasar. Yau ba mai wannan suna. Jordan Binnington na St. Louis ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin NHL, a 2019, kuma shi ya hana Amurka ci a ƙarin lokacin Boston, amma wasansa hawa da sauka ne. Daga zagayen kifa ɗaya kwala kuwa rana ɗaya ce. Danmak ta nuna haka a gasar duniya ta 2025, ta fitar da Kanada 2 da 1 a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, alhali Crosby da MacKinnon suna cikin fili. A waccan gasar Amurka ce ta ɗauki kofi, karo na farko tun 1933.

Rukunin Kanada ya ƙunshi Jamhuriyar Cek da Suwizalan da Faransa, kuma ina ganin za ta fito a kan gaba. Rasha ba ta cikin gasar. Suwidin na iya ba kowa wahala. Hasashena Kanada da Amurka ne a wasan ƙarshe, kuma na ba Kanada rinjaye kaɗan saboda 'yan gabanta, in raga ta riƙe.

Ɗaliba a Winnipeg:
Sahu ta yi daidai sosai Yaya, har na ji daɗinta. Amma a raga ni Logan Thompson na Washington zan sa, wanda aka bari a gida lokacin gasar ƙasashe huɗu. Kuma kada ka raina Amurka. Zuwa 2025, rabonta da zinariyar maza a Olamfik tun 1980, ga Auston Matthews, ga Jack Eichel, ga Quinn Hughes, ga 'yan gidan Tkachuk su biyu, ga Hellebuyck a bayansu. Ni su na ba.

Mai fassarar labarai, Kaduna:
Na karɓi ƙodago, zan gwada ta a wurin aiki in ji abin da edita zai ce. Sahu ma haka. Ga wadda za ta dame ku nan gaba: idan ɗan wasa ya yi laifi ana fitar da shi na minti 2, ƙungiyarsa ta rage mutum huɗu a kan biyar, ban da masu tsaron raga. Turawa suna da suna na musamman ga wannan lokacin, kuma da McDavid da MacKinnon da Makar a fili tare, a nan Kanada za ta fi cin ƙwallo. Dole sai an sa masa suna.

Mai zaren:
Gaskiya ne Malam. A rubutun nan zan ce lokacin rinjaye, in bayyana shi a karon farko, sannan in buɗe masa zarensa daban bayan an fitar da cikakken jerin sunayen tawagar. Abin da muka tsayar yau: ƙodagon roba a ambaton farko, ƙodago daga nan, ƙwallo ga ci, sahu ga rukunin 'yan gaba. Baba, Malam, Allah ya saka da alheri. Ƙanwata, zan sa hujjarki ta Thompson a rubutun, amma Binnington zan bari a raga.